Ɗan Farina da Kazar Iya

An kai ni gidan miji a Haɗeja ina ganin na san soyayya ciki da bai, alhali duk abin da na sani a bakin 'yan mata na tsince shi a hanyar ɗebo ruwa, sai 'yan littattafan labari da muke karɓa aro tun muna firamare. Gidan yana gefen gari ta wajen kogi. Idan ruwa ya ciko da damina, kana tsakar gida kana jin ƙanshin laka da surutun kwaɗi. Maigidana shinkafa yake nomawa a fadama, da rani kuma ya saɓa koma ya rungumi gora ya shiga su. Ni na ce ina son sa, shi ma ya ce yana so na, kuma a tunanina na wancan lokaci wannan ya isa ya kashe kowace matsala tun kafin ta iso ƙofar gida. Mu uku ne a gidan: ni, shi, da mahaifiyarsa, wadda duk unguwa ke kira Iya.

Da na haifi ɗan farina, namiji, sai na shiga aikin da aka san uwar ɗan fari da shi, wato kunya. Ba na kiran sunansa, ba na kallonsa a gaban mutane, ba na yi masa wasa. Idan ya yi kuka ana zaune sai in ɗauke kai kamar ɗan maƙwabta ne, har sai Iya ta miƙo mini shi tana faɗa, sannan in karɓa ina ɓata rai in shige ɗaki. Ɗan fari na kakanni ne, kuma duk abin da za a yanke a kansa uwa ba ta da baki. 'Yan matan yanzu idan na ba su wannan labari dariya suke yi, su ce an cuce mu. Ni kuwa daɗin abin na ji. Na mai da shi soyayyar ɓoye, irin wadda masoya ke satar kallon juna a taron biki. Ban jin an taɓa yin uwar da ta iya kallon wutsiyar ido kamata. Ina tsince shinkafa a faifai, fuskata na wajen bango, amma ko ƙuda ya sauka a kansa na sani.

Shi ma yaron, ga dukkan alamu, kunyata yake ji. Ba ya kallona. Ba ya kallon ubansa, ba ya kallon Iya, ba ya kallon kowa. Idan aka leƙa fuskarsa sai ya kai idonsa kan kunnen mutum ko kan katanga. Idan aka kira sunansa ba ya waiwayowa. Iya ta ɗauki wannan ta yi ta yawo da shi a unguwa kamar sabon zane.

"Kun ga mijin nawa? Tun yana zanen goyo ya san kunya. Ba irin naku ba, masu ido a tsakar ka."

Matan unguwa su ce, "Ai gado ya yi, Iya. Uwar ma ba ta haɗa ido da kowa."

Haka muka yi shekaru ana yabon tarbiyyarmu, ni da shi.

Ya yi tafiya a kan lokaci, haƙora suka fito, amma magana shiru. Sa'o'insa suna ta surutu, shi kuwa idan yana jin ƙishi sai ya kama hannun mutum ya ja shi har gaban randa, ya ɗora hannun a kan murfi, kamar moɗa ya ɗauko ba hannun ɗan Adam ba. Iya ta ce ubansa ma ya yi nauyin baki. Uban ya yi zargin kurumta, wata rana ya lallaɓo ta bayansa ya saki tasa a ƙasa. Ni da nake cikin ɗaki sai da na zabura, yaro ko gezau. Amma a ranar da yamma Iya ta buɗe kwandon bandar kifi a can ƙuryar ɗakinta, a hankali don kada a ji, sai ga shi tsaye a bakin ƙofa. A nan maganar kurumta ta mutu.

Abin da yake so a duniya shi ne ruwa. Idan uban ya dawo daga su ya rataye koma a kan igiya, yaron zai tsuguna a ƙarƙashi yana kallon ɗigon ruwa yana kaɗa hannuwa kamar ɗan tsuntsu mai koyon tashi, har sai komar ta bushe. Ni kuma daga nesa ina tsara masa rayuwa. Zai girma ya zama mutum mai zurfin ciki, mai tsadar magana, wanda 'yan mata za su riƙa ramewa a kansa. Har mata na zaɓa masa, 'yar wata ƙawata, tun ba ta iya zama ba.

Da ya doshi shekara biyar sai abin ya juye. Ko kuma in ce mu ne muka fara matsa masa, don an ga ya isa gaisuwa, ya isa aike, ya isa a kai shi wurin malam ya fara karatu. Sai ihu. Ba ihun yaro mai son a ba shi abu ba, ihun wanda wuta ta kama. Idan maƙwabta suka taru suna luguden shinkafa a gidanmu, sai ya toshe kunnuwa ya faɗi yana buga kai da ƙasa, shi da aka saki tasa a bayansa bai motsa ba. Tuwon shinkafa kaɗai yake ci, gaya, ba miya, kuma a kwano ɗaya mai tsaga a baki. Ranar da Iya ta ba da aron kwanon, wuni ya yi bai ci komai ba, ya ciji hannunsa har jini. Iya kuwa wasan jika take so, kuma hakkinta ne. Ta cafko shi ta rungume, ta kamo haɓarsa ta juyo da fuskarsa.

"Kalle ni nan, mijin banza. Ina kifin miya? Kullum sai dai ka ci ka tashi?"

Shi kuma ya sandare, ya fasa ƙara, ya fizge ya ruga bayan rumbu. Iya ta bi shi da lallashi, lallashin ya haifar da sabon ihu.

Daga nan ya koyi zare sakatar ƙofa. A neme shi a rasa, a same shi a bakin kogi, tsugune daf da ruwa, yana kallo. Matan da suka yi ta yabon kunyarsa su ne suka fara rage murya idan na shiga gidan suna. Wata ta ce yaron da ba ya kallon mutane sai ruwa, ai ya kamata a bincika ko mutanen ruwa ne suka yi musanye. Iya ta wanke ta tas a gaban jama'a, amma da ta dawo gida sai ta aika aka karɓo rubutu da turare. Rubutun ya zubar. Turaren kuwa, da aka lulluɓe shi da zane aka tura masa hayaƙi, ya daɗe ba ya yarda Iya ta matso kusa da shi.

Akwai abin da ni kaɗai na sani, kuma ba ni da bakin faɗa. Duk lokacin da ya gaji da ihu, wurina yake zuwa, amma ba ta gaba ba. Ina zaune a bakin ɗakina na ba da baya ina aikina, sai in ji ɗumin bayansa a jikin nawa bayan. Ya jingina yana ajiyar zuciya. Ni ban juyo ba, ban taɓa shi ba, ban ce uffan ba, don kunya ta hana. Mu zauna haka baya da baya kamar masoyan da suka yi faɗa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara magana, har numfashinsa ya sauka ya daidaita.

Tun da ba na iya yi masa magana kai tsaye, sai na samo 'yar aike. Iya tana da wata tsohuwar kaza wake-wake, mai masifa, wadda ba ta barin gindin faifaina saboda tsakin shinkafa. Ita nake gaya wa.

"Ke kaza, ki gaya wa wani mutum tuwo ya huce, yana inda yake kullum."

Sai in ga wani mutum ya tashi ya nufi kwanonsa. A hankali na lura idan na gaya wa kaza abu tun kafin ya faru, ana samun sauƙi. "Ke kaza, an jima mata za su zo daka. Mai son shiru ya tafi bayan rumbu." Sai ya tafi ya zauna can har a gama. Ranar da na manta ban ba kaza saƙo ba kuwa, duk gidan sai mun ji jiki. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin dabara ba. A ganina kunya ce kawai nake yi, kuma ina yin ta da kyau.

Mutum ɗaya nake iya yi wa zancensa, ita ma don ba 'yar gari ba ce. Maƙwabciyarmu ce, Kirista daga ƙasar Jos, mijinta yana koyarwa a firamare, muna ce mata matar Tica. Ita ce ke leƙowa ta kan katanga ta ƙwala mini kira da Maman wane, ta faɗi sunan yaron ɓaro-ɓaro, ni kuwa in rasa inda zan sa kaina.

"Ni ban gane muku ba," in ji ta wata rana da na shiga aron garwashi. "Ke kika ɗauki ciki, ke kika sha wahala, sannan a ce ko sunan ba za ki faɗa ba? Mu a wurinmu da sunan ɗan fari ake kiran mace har ta tsufa."

"Wannan ai rashin ta-ido ne."

"To, mu marasa ta-ido ne. Zauna ki gaya mini me ya sa shi ihu jiya."

Na zauna na gaya mata. Ta ce akwai irinsa a ƙauyensu, ɗan gwaggonta, kuma babu wani aljani a jikinsa, ba kuma sangarta ba ce. Ta ce a ganinta duniya ce ta yi musu ƙara da yawa, kamar a kunna miki rediyo a cikin kunne a ƙure, a hana ki kashewa, sannan a ce ki gaishe da baƙi. Nasu ya girma yana kiwon awaki, kuma awakin sun fi na kowa ƙiba. Sai da na tsufa na ji likitoci a rediyo suna bayanin irin waɗannan yara, har da suna, wai galahanga. A lokacin ba mu da suna, sai wanda unguwa ta ga dama ta laƙaba.

Abin da ya ƙarar da haƙurin dangi cizo ne. Ba a daɗe da canja kuɗi zuwa naira ba, matar Baffa ta zo mana ziyara. Baffa ƙanin mahaifin maigidana ne, shi ne babba a dangi tun da mahaifin ya rasu, yana zaune a wani ƙauye ta wajen Auyo. Matar tasa mace ce mai son a gaishe ta yadda ya kamata. Ta kira yaro bai zo ba, ta tashi ta kama masa haɓa ta ce sai ya dube ta ya ce ina wuni. Ya sa haƙori a babban yatsanta bai saki ba sai da Iya ta ɓamɓare shi.

Saƙon Baffa bai yi jinkiri ba. Akwai wani mutum a wajensu da ake kai wa masu iska da masu taɓin hankali, yana sa musu mari a ƙafa, ya ajiye su a gidansa har su yi laushi. Can za a kai yaron. Ruwa ya riga ya cinye hanya, saboda haka Baffa zai zo da jirgi ranar kasuwa mai zuwa ya tafi da shi.

Na jira maigida ya yi abin da jarumai ke yi. A cikin kaina na riga na gama tsara masa komai: zai miƙe ya bugi ƙirji ya ce ba inda za a kai yaro yana raye, sannan mu uku mu shiga jirgi mu ɓace cikin fadama, furannin bado suna buɗe mana hanya. Na same shi da la'asar a bakin zaure yana ɗinkin koma.

"Malam, ka ji abin da aka ce game da wancan?"

"Na ji."

"To?"

"Baffa ne fa." Ya ja zare da haƙori. "Kuma kin san ni ma yaron na fari ne a wurina. Da wane baki zan tsaya gaban Baffa in ce ɗana?"

Na dube shi da kyau, sai na ga babu wata ɓula a inda yake ɗinki. Lafiyayyen wuri yake ta ɗaure wa ƙulli a kan ƙulli. Na koma ɗaki.

Iya ce kaɗai ke da iko ta hana, amma Iya ta tsorata. Tana kwashe tuwo ta faɗa wa iska, ta san ina ji: "Gara in san yana ɗaure da ransa da a zo a ce mini in je bakin kogi in duba." Ban ga laifinta ba. Ni ma duk ranar da na ga ƙofa a buɗe sai in bazama nemansa. Amma na san wanda ba ya jure a kama masa haɓa, idan aka sa masa ƙarfe a ƙafa a gidan da bai sani ba, babu kwanonsa, babu bayan da zai jingina, abin da za a dawo mana da shi ba yaro ba ne.

Ranar kasuwa da hantsi Baffa ya iso, cikin babbar riga, tare da wani ƙaƙƙarfan ɗansa. Tun safe nake so in ba kaza saƙo, bakina ya kasa. Me zan ce mata? Don haka yaron bai san komai ba. Yana tsugune gindin randa yana kallon ɗigon da ke tsattsafowa, sai kawai ya ji hannun baƙo ya sure shi ta baya.

Ina ɗaki bayan asabari, inda ya kamata uwar ɗan fari ta kasance. Na ji ihun da ban taɓa jin irinsa ba. Na ji Baffa yana cewa a riƙe ƙafafun, na ji Iya tana kuka tana kiran sunansa tana cewa ya yi haƙuri, ya dube ta. Sai na ji wani ƙum, kansa ya bugi turmi.

Ban san lokacin da na ɗauki faifai ba. Na ja mayafi har kan hanci, na fito, na zauna a tsakiyar gida na ba su baya gaba ɗaya, na watsa tsaki a ƙasa. Kazar nan, Allah ya saka mata, ba ta taɓa ƙin tsaki ba ko da gari na ci da wuta. Ta taho da gudu.

"Ke kaza," na ce, "ki gaya wa masu riƙe da mutum su sake shi."

Baffa ya ce, "Da wa yarinyar nan take?"

Iya ta tsayar da kukanta. Ta daɗe tana jin ina hira da kazarta, ta ɗauka shirmen ƙuruciya ne. Ban ga fuskarta ba, amma na ji ta ja majina ta ce, "Da kaza take."

"Ki gaya musu su sake shi, kowa ya juya baya. Kada a kalle shi, kada a kira shi, kada a ce masa ya yi haƙuri."

"Matar Yaya," in ji Baffa ga Iya, "yaushe aka fara ba ni umarni ta bakin kaza?"

Iya ta ce, "Yau aka fara. Lokacin da aka kawo ni gidanku ko wando ba ka da shi, ka zo nan kana kumbura mini riga. Kai kuma ɗan nan, sauke mini jika. Ku juya ku kalli bango."

Tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa, kuma Iya ba ta taɓa barin nata ya yi tsatsa ba. Baffa ya yi ƙwafa, amma ya juya. Na saci kallo ta gefen mayafi. Ga Baffa da babbar rigarsa, hancinsa daf da katanga kamar yaron da bai kawo hadda ba. Ga ɗansa a gefensa yana duba shatin haƙori a damtsensa. Iya ta fuskanci rumbu. Maigida, wanda tun zuwan su ya laɓe a zaure, ya fito ya tsaya a bakin ƙofa ya tare hanya da faɗin bayansa. Shi dama juya baya ba sabon aiki ba ne a wurinsa.

Yaron yana ƙasa yana birgima yana ihu, babu mai taɓa shi. An daɗe. Na ci gaba da tsince shinkafar da babu sauran tsakuwa a cikinta. Ihu ya koma kuka, kuka ya koma shessheƙa. Kaza ta cinye tsaki ta tsaya tana kallona da ido ɗaya, na ƙara mata. Can sai na ji jan gindi a ƙasa, sannan ɗumin bayansa ya sauka a kan nawa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, zuciyarsa na bugawa har cikin haƙarƙarina.

Tun da na riga na zubar da kunyata a tsakar gida, sai na ga gara in ƙarasa. Na gaya wa kaza komai, a hankali, da muryar da ba za ta tashe shi ba. Na ce mutumin nan ido yana ƙona shi kamar garwashi. Na ce runguma a wurinsa kamu ne. Na ce yana jin magana sarai, amma sai an faɗa a gefe, gajeriya, kuma kafin abu ya faru. Na ce ba mugunta ke sa shi ihu ba, abu ne ke yi masa yawa ba shi da bakin cewa ya isa.

Baffa ya yi gyaran murya, fuskarsa na bango. "A tambayi kazar, cizon fa?"

"Ke kaza, ki ce bai taɓa cizon wanda bai kama masa fuska ba."

"To kogin fa? Ranar da ya zame ya faɗa, kaza ce za ta tsamo shi?"

Gaskiya ya faɗa, kuma duk wanda ke tsakar gidan ya san gaskiya ce. Na zauna ina kallon faifai, ina jin yaron yana ƙara nauyi a bayana, ina tunanin shi ke nan, na yi rashin kunyar banza.

Sai wata murya ta fito daga bakin zaure, ƙasa-ƙasa, tana tuntuɓe.

"Ke kaza." Maigida ne. "Ki ce akwai mai zuwa fadama kullum da safe. Zai riƙa tafiya da mutum, ya zaunar da shi a cikin jirgi, ya ɗaura masa gora a ƙugu, ya kalli ruwa har ya ƙoshi. Sakata kuma yau za a mai da ita sama, inda hannu ba ya kaiwa."

Na karanta littattafan soyayya da yawa bayan wannan rana, waɗanda ake sayarwa a kasuwa, wasu har na haddace kalaman samarin ciki. Ban ci karo da wanda ya yi mini daɗin wannan ba, kuma da kaza aka yi shi.

Baffa ba mugu ba ne, mutum ne da aka ciji matarsa, kuma yana tsoron a ce yana raye jikan yayansa ya nutse. Ya ce, "Matar Yaya, ke fa? Naki ne."

"Nawa ne. Ba inda za shi."

"To, zuwa yankan shinkafa. In ya sake cizon wani, ko aka same shi shi kaɗai a bakin ruwa, zan dawo da jirgi. Kuma ranar da kazar nan zan fara."

"Taɓa ta ka gani."

Haka gidanmu gaba ɗaya ya koma jin kunyar yaro ɗan shekara biyar, kamar wani babban suruki ya sauka. A wuce shi a kau da kai. A ajiye masa tuwo a sanar da kaza. Baƙo idan ya yi sallama, tun a zaure ake karanta masa doka. Labari ya zaga unguwa cewa na yi magana a kan ɗan farina a gaban surukai, wasu mata suka daina aiko mini da ƙunshin biki. Matar Tica, wadda ta ji komai ta kan katanga, ta daina kira na Maman wane, ta koma tambayata lafiyar kaza.

Ba warkewa ya yi ba. Akwai ranakun da ihun ke dawowa ba mu san dalili ba, akwai ranar da ya yayyaga zanena sabo saboda ƙanshin shuni. Amma buga kai ya ragu, kuma tun da ya samu kogi da safe ya daina neman sa da rana. Uba da ɗa su tafi su dawo ba wanda ya ce wa wani kanzil, kowannensu fuska a sake.

Wadda ta fi shan wuya Iya ce. Mace ce da hannunta ba ya zama, ga jika a gabanta an ce kada ta taɓa. Sai ta zauna ta ba shi baya tana yi wa bango mita, hannuwanta a matse cikin cinya don kada su ci amanarta. Shi kuwa bai manta hayaƙin nan ba, kewaye ta yake yi daga nesa.

Ruwa ya janye, shinkafa ta nuna, aka fara yanka. Wata rana da yamma Iya tana kan kujera 'yar tsugunne gaban murhu, ta gama tuƙa tuwo tana jiran ya turara. Ina bakin ɗakina na ga yaron ya fito daga bayan rumbu, ya tsaya, ya yi kamar zai nufo ni, sai ya karkata. Ya je ya zauna a ƙasa ya jingina bayansa da na Iya. Muciya tana hannunta a sama, a nan ta tsaya.

A daidai lokacin Baffa ya yi sallama, ya zo duba alkawari, ƙafafunsa duk busasshiyar laka. Ya shigo tsakar gida ya ga abin da ke nan. Ya tattare rigarsa, ya samu gefen tabarma, ya zauna ya fuskanci katanga.

Ƙauri ya fara tashi. Ni ba halin in matso in sauke tukunya, don sai na tsallake yaron. Baffa ya shaƙi iska, ya yi magana da raɗa ba tare da ya juyo ba.

"Matar Yaya, tuwonki na ƙonewa."

Hawaye na bin kumatun Iya, ko hannu ba ta ɗaga ta share ba.

"Bar shi ya ƙone," in ji ta.

Ranar ƙonannen tuwo muka ci, har Baffa, wanda ya yi ta ƙorafin cewa tun yana yaro matar Yaya ba ta iya girki ba. Ya kwana, da safe ya karɓi bandar kifin da Iya ta ƙulle wa matarsa, ya kama hanyar Auyo shi kaɗai.